TURBA DA BURTALI A ƘASAR KAZAURE

A wani taron ƙungiya da muka yi bayan kaka, na kawo maganar samarin nan da ake gani da sassafe suna gudu a gefen madatsar ruwa ta Kazaure da kan hanyoyin da suka bi gindin duwatsu. Waɗansu 'yan makaranta ne, waɗansu kuwa masu shirin shiga soja ne ko aikin ɗan sanda. Sai wani dattijo ya ce, "Malam, ina ruwan manomi da gudu? Mutumin da ya wuni a duƙe da fartanya, in ka gan shi yana gudu, to, ko dai gobara ce, ko kuwa shanu sun shiga gona." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma hanyar da yaran nan suke gudu a kai, ita ce wadda jakinka yake bi da taki, ita ce kuma wadda iyalinka suke bi zuwa rijiya. In ta toshe musu, kai ma ta toshe maka."

Wannan magana ce nake so mu ƙarasa a nan, domin a wurare da yawa hanyoyin nan suna ƙarewa a gaban idonmu, ba kuwa wanda ya ce uffan.

HANYA IRI UKU

Ban da titin mota, hanyoyin ƙauye iri uku ne. Akwai turba, watau siririyar hanyar ƙafa wadda mutum ɗaya ko jaki yake bi. Akwai hanyar amalanke, wadda tilas ta yi faɗin da shanu biyu za su wuce da kaya. Sa'an nan akwai burtali, hanyar garke, wadda take ratsa gonaki daga makiyaya zuwa mashaya, ko daga wannan daji zuwa wancan. Dukansu ba injin da ya yi su. Ƙafa ce ta yi su, da kofato. Ba su da takarda, ba su da mai su. Shi ya sa suke da saurin ɓacewa, gama abin da yake na kowa, ba safai wani yake tsaya masa ba.

Ƙasarmu kuma ba iri ɗaya ba ce. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa akwai jerin duwatsu da tuddai masu tsakuwa, da kwari a tsakaninsu. Tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau sarauta a 1819, Ɗantunku da jama'arsa suka tsaya da ƙafarsu a wannan yanki, tuddan nan kuwa sun zame musu garkuwa, domin doki ba ya sukuwa a kan dutse, baƙo kuma bai san mashiga ba. A irin wannan ƙasa, babban abokin gaban hanya ruwa ne. Amma in ka nufi gabas wajen Babura, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa, rairayi har idon sawu. Can ruwa bai cika yanka hanya ba. Garma ce take cinye ta, iska kuma ta binne sauran.

YADDA GARMA TAKE CIN HANYA

Ba wanda yake tashi rana ɗaya ya ce zai nome burtali. Ana cinsa ne kunya ɗaya ɗaya. Bana mai gonar gabas ya ƙara kunya ɗaya, mai gonar yamma ya gani, shi ma ya ƙara tasa don kada a bar shi a baya. Baɗi haka. Tun da garmar shanu ta yawaita abin ya ƙara sauri, domin mai huɗa yakan juya shanunsa a kan hanya, kowane juyi kuwa sai ya ɗan gutsuri gefenta.

Bari mu yi lissafi. A ce faɗin kunya santimita 75 ne. In maƙwabta biyu suna cin kunya ɗaya ɗaya kowace shekara, hanya tana rasa mita ɗaya da rabi ke nan. Burtali mai faɗin mita 30 zai ƙare ƙaf cikin shekara 20. Watau yaron da aka haifa ana kora garke a wurin, kafin ya yi aure ba zai sami inda zai tura keke ba.

To, me manomin ya samu? Kunya mai tsawon mita 100 da faɗin santimita 75, filinta murabba'in mita 75 ne. A ce gonar mai kyau ce ƙwarai, tana ba da gero buhu 10 a hekta, kowane buhu kilo 100. Rabon wannan kunya kilo bakwai da rabi ne, wajen kwano uku. Kwano uku! Saboda su ne garke zai iso ya tarar da ƙofa a rufe. Saniya kuwa ba ta tashi sama. In ba ta sami burtali ba, gona za ta bi, ɓarnar dare ɗaya kuma ta fi kwano uku nesa ba kusa ba. Daga nan sai cacar baki, sai sanda, sai gaban alƙali, wani lokaci har a rasa rai. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda ake kwana da fargaba a watan da makiyaya suke gangarowa daga arewa amfanin gona bai gama shiga rumbu ba.

Ba na cewa laifin duka na manomi ne. Akwai makiyayan da suke sakin dabba da gangan, akwai masu ba ƙananan yara garken da ya fi ƙarfinsu. Mutane kuma sun yi yawa, gonar gado ta tsattsage, ƙasa ta gaji, wanda yake da baki goma a gida yana ganin kowane taku na fili kamar tuwo ne. Duk na san wannan. Amma mu manoma ne, gefen da yake hannunmu shi za mu iya gyarawa.

Dokoki kam akwai su. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara, na noma da na kiwo. A 1998 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, abin da ya shafe mu kai tsaye a wancan lokaci, tun da Nijar ba ta da nisa da mu, kasuwar dabbobi ta Maigatari kuma tana ci kowace Alhamis. Sai dai doka tana cikin ofis, kunya kuwa tana bakin gona. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu a nan. Bayan dokarsu ta karkara ta 1993, an kafa kwamitocin ƙasa har a ƙauyuka, a wurare da yawa na jihohin Maraɗi da Damagaram kuma an kakkafa turakun siminti a gefen burtali, hagu da dama. Wanda ya ƙetare turke, kowa ya gani, ba sai an nemo tsoho ya rantse ba.

YADDA RUWA YAKE CIN HANYA

Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na Roni, Gwiwa da kewayen Kazaure. Ƙasar hanya a daddale take, ruwa ba ya shigarta. Tsakiyarta kuma ta ɗan lotsa saboda sawu. Saboda haka duk hanyar da ta miƙe daga kan tudu zuwa kwari, da damina ƙorama ce.

Ga yawan ruwan. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Hanya mai faɗin mita 2 da tsawon mita 100, in aka yi ruwa na milimita 30, irin wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, za ta tara lita 6,000. Duro 30 ke nan, ban da wanda yake kwararowa daga kan dutse da gonakin gefe. Ruwa kuma in saurinsa ya ninka biyu, ƙarfinsa yakan ninka huɗu. Shi ya sa ɗan layin da ka tsallake bara ba ka ko lura ba, bana ya kai gwiwa, baɗi jaki ba zai ƙetare ba. Mutane sai su kauce su buɗe sabuwar turba a gefe, cikin gonar wani, ita ma ruwa ya bi ta. Haka ake samun kwazazzabai biyu ko uku a jere, a inda da can hanya ɗaya ce.

Maganin ba ya bukatar siminti. Abin da ake so shi ne kada a bar ruwa ya yi doguwar tafiya a kan hanya. A yi 'yar kunya ta duwatsu da ƙasa wadda ta gitta hanyar, ba a miƙe sak ba, a ɗan karkace, yadda ruwa in ya zo zai bi ta ya fita gefe. Tsayinta kada ya wuce taƙi ɗaya, don amalanke da keke su iya hawa. Inda gangare yake da tsanani a yi ta kowane taku 10 zuwa 15, inda yake da sauƙi kowane taku 40 ko 50 ya isa. A fara daga sama a gangaro. Mutane da yawa sukan fara daga ƙasa inda ramin ya fi ba da tsoro, ruwan farko kuwa ya kwashe aikinsu duka, domin can ne ƙarfinsa ya taru.

A lura da inda ruwan zai faɗa. A zuba duwatsu a wurin, ko a dasa gamba ko jema, don ya baje ya nutse a hankali. Kada a juya shi cikin kunyoyin maƙwabci ba tare da an yi shawara da shi ba. In an shirya da kyau ma riba ce gare shi, gama ruwan da aka baje a gona albarka ne, wanda aka sako a dunƙule shi ne masifa.

In rami ya riga ya buɗe, a jera duwatsu a cikinsa kamar ƙaramar katanga, kada ta fi gwiwa tsayi, tsakiyarta ta fi gefunanta gajarta don ruwa ya bi ta tsakiya, a kuma shimfiɗa waɗansu duwatsun a bayanta inda ruwan zai zuba. Ƙananan katangu biyar sun fi babba ɗaya. Dutse dai Allah ya hore mana shi a wannan yanki, har kuka muke yi da shi a gona.

Turbar da ta hau dutse kuwa, kada a bar ta ta miƙe. A karkata ta, ta yi kwana, ta sake yin kwana. Akuya ma haka take hawa.

BAKIN RUWA DA CIKIN DAJI

A gefen madatsar Muhammadu Ayuba ta Kazaure, da bakin kogin Gari, da kowace fadama, noman rani ya kawo kuɗi, injin ban ruwa kuma ya sa kowa yana son ya matsa kusa da ruwa. Ba laifi. Amma in lambun tumatir da albasa suka haɗe suka zagaye ruwan ba ƙofa, ina dabba za ta sha? Kowace ƙungiya mai lambu ta san mashayar da ta tarar, ta bar mata hanya mai faɗi, ta yi mata shinge mai ƙarfi. Turbar mutane kuma a ajiye ta sama da inda ruwa yake kaiwa a ƙarshen damina, a bar ciyawa tsakaninta da ruwan. Ciyawar nan ita take tace ƙasar da za ta cike madatsar. A kuma gargaɗi yara su bar wanka a ruwan da yake kwance, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin dodon koɗi, ta huda fata, bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini.

A cikin daji abin da hanya take bukata kaɗan ne. Sabara da kalgo da gezar da suke gefenta kada a tumɓuke su. A rage rassan, a bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi, kamar yadda manoman Maraɗi suka fara yi tun wajen 1983 har gonakinsu suka koma cike da itatuwa. Hanya mai inuwa ba a rasa mai bin ta.

ABIN DA MASU GUDU SUKA KOYA MANA

Yanzu bari in koma kan samarin nan. A waɗansu ƙasashe, gudu a kan turba ta cikin duwatsu da daji da bakin tafki wasa ne babba. A arewacin Ingila akwai wani yanki mai tafkuna da tuddai inda makiyayan tumaki suka daɗe suna tseren hawa dutse a ranakun bikin ƙauye, yau kuwa mutane suna zuwa daga nesa don su yi gudu a wurin, suna kwana, suna cin abinci, suna barin kuɗi. Amma hanyoyin ba da kansu suka tsira ba. Masu manyan filaye sun rufe da yawa. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan ba da izini ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1949 aka yi doka wadda ta tilasta wa hukumomin gunduma su zana kowace turba a taswira. Hanyar da ta shiga taswirar nan, ko ta ratsa tsakiyar gonar mutum, ba shi da ikon toshe ta. In ya nome ta, doka ta ba shi kwana 14 ya mai da ita yadda za a iya bi. A dokarsu kuma, hanyar da jama'a suka yi shekara 20 suna bi ba wanda ya hana, ana iya ɗaukarta ta zama ta jama'a.

Abu biyu ke nan suka tsare musu hanya: ana bin ta, an kuma rubuta ta. Mu muna da na farkon, shi ma yana raguwa tun da babur ya zo, kowa ya koma titi. Na biyun ne ba mu da shi sam.

A Kenya ma, zakarun dogon gudu na garin Iten yawancinsu 'ya'yan manoma ne, a kan jar hanya ta tsakanin gonaki suke koyo. Garin yana da tsayin wajen mita 2,400 daga teku, tuddanmu ba su kai ko kusa ba, saboda haka kada wani ya ce na yi masa alkawarin zakaran duniya daga Gwiwa. A nan gida, a 2005 aka fara tseren hawa dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba, mai nisan wajen kilomita 11, na ɗaya yana karɓar dala 50,000, mutanen Habasha da Kenya da waɗansu baƙi kuwa suka riƙa kwashewa. 'Yan Nijeriya da suka fi yin fice a dogon gudu, da yawansu daga Filato suke, wajen Pankshin, inda yaro yake tashi yana hawa da sauka. Gudu kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zagi yana sassarfa a gaban dokin sarki, 'yan farauta suna wuni suna bin zomo, kafin waya kuma ɗan aike da ƙafarsa yake kai saƙo.

Ga shawarata. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama kwashe amfanin gona, lokacin hunturu, ƙungiya ta shirya wa samari tsere na kilomita 5 ko abin da ya yi kusa, a kan tsofaffin hanyoyin gari: a tashi daga ƙofar mai unguwa, a bi burtali, a zaga gindin dutse, a taɓa mashaya, a komo. Kyautar ba sai mai tsada ba, fartanya ko buhun taki ko ɗan akuya ya isa. Amfanin shi ne, kafin ranar tilas a bi hanyar a gyara ta, ranar kuma gari duka zai fito ya ga inda ta bi. Wanda ya ci kunya uku a burtali, jama'a za su gani da idonsu ba sai an kira sunansa ba. A gayyaci yaran rugar Fulani ta hannun Arɗo. Ina zaton ma su za su cinye akuyar.

A yi shi da sassafe. Kada a yi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi yake wuce awo 40. A ajiye ruwan sha a tsakiyar hanya da ƙarshenta. Kowa ya sa takalmi, ko na roba ne, saboda ƙaya da tsidau. Masu koyon gudu su kaɗai kuma su guji cikin duwatsu da magariba, musamman farkon damina, gama lokacin ne kububuwa take fitowa. Wanda maciji ya sara, a kwantar da shi, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da ƙarfi, a kai shi asibiti nan da nan.

AUNAWA DA RUBUTAWA

Tsere ko ba tsere, aikin da ya fi muhimmanci shi ne wannan, ba kuwa ƙungiya ce za ta yi shi ita kaɗai ba. Hanya ta gari ce duka, Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi. A fara da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, in burtali babba ne dagaci ya sanar da hakimi. A sa rana da rani, sa'ad da gona take fili ba wanda zai ce an taka masa shuka. A fito da dattawa biyu ko uku waɗanda suka san inda iyaka take tun suna yara, da Arɗo, da masu gonakin gefe. A ɗauki igiya mai tsawon mita 10 da aka ƙulla kowace mita.

Kowane taku 100 a tsaya a auna faɗin hanya, magatakardan ƙungiya ya rubuta: wuri kaza, kusa da kukar wane, faɗi kaza. In akwai mai waya irin wadda take nuna taswira, ya ɗauki hoto ya kuma adana wurin. Inda aka tarar an ci hanya, kada a tsaya ana tonon wanda ya fara, gama sau da yawa wanda ya fara yana kabari. A yarda a kan faɗin da za a koma, a ba mai gona damina ɗaya ya janye. Sa'an nan a dasa shaida mai rai. Aguwa da bini-da-zugu suna kamawa daga yankakken reshe, dabba kuma ba ta cin su. A dasa su dab da faɗuwar ruwa, a sa gamba a tsakani, wadda za a yanka a yi zana da kaka. A kusurwa a kafa babban dutse a shafa masa farar ƙasa.

A rubuta takardar kofi uku, waɗanda suka halarta su sa hannu ko su dangwala yatsa. Ɗaya ta zauna a akwatin ƙungiya, ɗaya wurin dagaci, ɗaya a kai sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, ko Kazaure ce, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, a roƙi a buga mata hatimi. Ƙungiyar da take da hanyoyi da yawa kada ta ce za ta gama su bana. Ta fara da wadda take zuwa ruwa.